Kibiyar da ta raba ni da surukina a Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A shago, a masallaci, a majalisarmu ta bakin kasuwa, kowa sai ya ce, "Sanusi, wai da gaske 'yan sandan Nijar sun kama ka?" In na ba wannan guntu, sai ya kai wa wancan da ƙari, har Garba mai faci ya fara gaya wa mutane a kurkuku na kwana. To ga labarin daga bakin mai shi, kowa ya ji sau ɗaya mu huta.

Ni mutumin Zariya ne, gyaran firji ya kawo ni Sakkwato, a nan kuma na yi aure. Surukina, Baba Alhaji Ummaru, yana da ƙanwa guda, Inna Hajo, wadda aka aurar wa wani Bazabarme a Yamai tun suna da ƙuruciya. Mijin ya rasu da daɗewa, ita kuwa ta zauna can cikin 'ya'yanta. Rabon da su ga juna, matata ma ba ta yi wayo ba. Kwatsam sai ɗanta ya bugo waya, ya ce jikin tsohuwa ya yi nauyi, idonta ya tafi, kuma ba ta da magana sai ta yayanta. Matata tana da tsohon ciki, 'yan'uwanta maza duk suna kudu wajen nema, motar da ke kusa kuwa tawa ce. Haka tafiyar ta faɗo kaina.

Sai dai ku san yadda nake da Baba Alhaji. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa cin ko goro a gabansa ba. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi mini magana sai ya dubi bango ya ce, "A gaida mutan gida." Yanzu ga mu a mota ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, yana duban gilashi yana cewa, "A rage gudu," ni kuma ina ce wa sitiyari, "To, Baba."

A Illela ba mu sha wahala ba. Da muka tsallaka Konni ne na fara gane cewa Hausa ma iri-iri ce. Mutumin duwan, wato kwastan ɗinsu, Bahaushe ne kamar ni, har da tsagen Gobirawa, amma da ya buɗe baki sai ya ce, "Kawo permi da kartigiri da asirans."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da wa da wa?"

Ya sake faɗa da ƙarfi, kamar kurma yake wa magana. Na kwaso duk takardun da ke motar, har da rasiɗin batir, na zube masa. Ya tsince uku da kansa: lasin tuƙi, takardar mallakar mota, da inshora. Ya ba ni wata takarda ta shigar da mota ƙasar, ya ce in riƙe ta kamar raina. Da na tsaya shan mai na ce fetur, yarinyar ta ce, "Esansi?" Na ce a'a, fetur. Ta ce to ai shi ne. Baba Alhaji dai yana zaune yana jan carbi, ya ce wa gilashi, "Wanga ƙasa na san ta tun ba a haihi wasu ba." A zamanin samartakarsa ya yi fataucin goro har Yamai, kuma bai bar kowa ya manta ba.

Yunwa ta fara cina tun kafin Dogon Dutsi. Da muka tsaya salla, na ga mai nama yana tsaga wani dogon burodi mai tauri kamar sanda yana cusa gasasshen nama da yaji a ciki. Na saya wa Baba nasa na ajiye masa a mota, ni kuma na zagaya bayan wata babbar mota na tsuguna ina ci da sauri. Ban kai rabi ba direban ya tada ta ya ja. Sai ga ni tsugune a fili, baki cike, ga Baba Alhaji yana kallona ta taga. Ya kawar da kai ya shiga duban wata akuya. Ni ma na dubi akuyar. Sauran burodin a aljihu ya ƙarasa tafiyar.

Daga Dosso harshe ya juya. A shingayen jami'an tsaro, da suke da yawa, sai ka ji "fofo" maimakon "sannu", a dubi takardu a dubi fuska, a miƙo maka ba tare da an ce komai ba. Muka shiga Yamai ana kiran magariba.

Masaukinmu a unguwar Banifandu yake, gidan Isuhu tela, mutumin Tawa, ƙanen maƙwabcina. Mutum ne mai fara'a da saurin magana, rabin maganarsa Faransanci. Matarsa ta kawo dambu da zogale da ƙuli, wanda su suke kira kopto, aka zuba mana a kwano ɗaya ni da Baba. Na ce azahar ɗina ce ban yi ba, na fita, alhali kowa ya ga mun yi magariba tare. Ɗakin baƙi ɗaya ne, don haka na roƙi Isuhu ya bar ni in kwana a shagonsa, tsakanin kekunan ɗinki da yadin mutane.

Da safe Isuhu ya so ya raka mu Gudel, unguwar Inna Hajo, amma wasu mata suka tsare shi a kan ɗinkin biki. Baba ya ce wa ƙofar gida, "A bar shi ya yi aikinai. Gudel ko da ido ruhe ni kai kaina." Isuhu ya biyo ni har mota, ya ce, "Malam Sanusi, nan ba kamar can ba ne. In ka zo karfur ka kula da fileshi. Ka ji? Fileshi." Ya ba ni wata tsohuwar wayarsa mai layin Nijar. Na ce ba komai, da mun isa zan yi masa. Ni a zatona cewa yake in yi masa filashin a waya ya san mun sauka lafiya.

Muka bi titi, Baba yana ba da umarni. "A yi dama. A miƙe. Nan da akwai wata tsamiya." Ba tsamiya, sai bene. "Nan da kasuwar awaki ce." Sai gidan mai. Muryarsa ta fara raguwa, amma bai daina ba. Ni kuwa saboda ban san gari ba na lafe a gefen dama ina tafiya a hankali, kamar yadda kowane baƙo mai hankali zai yi a Sakkwato.

Sai muka iso wata babbar mahaɗa mai fitilu. Titin ya rabu layi-layi da farin fenti, kowane layi da zanen kibiya a ƙasa. Na ga zanen, ba zan ce ban gani ba, amma a wurinmu irin wannan fenti ado ne, rana ta cinye rabinsa, kowa kuma inda ya ga sarari nan yake sa kai. Fitila ta yi ja, na tsaya a sahun gaba. Can gefen jar sai ga wata 'yar ƙaramar kibiya koriya tana nuna dama.

Nan take bayana ya kaure da oda. Wani mai taksi ya leƙo yana ɗaga hannu yana zuba Zabarmanci. Mai babur ya zo ya buga mini bayan mota. Na dubi ja, na dubi kore, na rasa wadda ake nufi da ni.

Baba ya ce, "Mi aka jira? Ga kore. A miƙe."

Na ce wa sitiyari, "Baba, kamar dama take nunawa."

"Gudel gaba take. A miƙe."

Ku da kuke dariya, wane ne a cikinku zai yi musu da surukinsa a tsakiyar titi? Na miƙe. Ban yi tsawon mota biyu ba na ji ƙarar birki ta hagu, wata farar mota ta tsaya har ina ganin haƙoran mai ita. Babur ya kauce ya hau dakali. Sai usur.

'Yar sanda ce, doguwa baƙa, da farin safar hannu. Ta nuna mini gefen titi, ta zo ta sara mini kamar wani babba, ta ce, "Misye, papiye." Wannan karon na gane, na miƙa mata ukun nan da ta huɗun. Ta yi mini Faransanci, ta ga ban motsa ba, ta koma Hausa irin ta 'yan Yamai, wadda namiji da mace duk ɗaya ne.

"Ke ba ta ga fileshi?"

Na ce, "Ban yi wa kowa filashin ba tukuna, ranki ya daɗe."

Ta dube ni. Ta kama hannun rigata ta ja ni har bakin layin, ta nuna kibiyar da ke ƙasa da yatsa. "Wannan. Fileshi." A nan maganar Isuhu ta faɗo mini, lokacin da ba ta da sauran amfani.

Ta yi mini bayani dalla-dalla, wani mai sayar da goro a gefe yana cike mata inda Hausarta ta ƙare. Layin da na shiga na masu juyawa dama ne kaɗai. Duk wanda ya shiga, dole ya juya, ko da ba can za shi ba, ya je gaba ya zagayo. Na tsaya na toshe shi, laifi ɗaya. Na miƙe daga cikinsa, laifi biyu. Kuma na miƙe a kan jar wuta, wanda ya fi su duka. Za ta riƙe lasina da takardar mota, in je ofishinsu in biya tara, in kawo shaida in karɓa. In ban yi ba, mota za ta kwana a furiyar.

Na ce, "A firiza?" Sana'ata ce, kunnena can ya tafi.

Mai goro ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce wani fili ne da ake tara motocin masu laifi, kuma fitar da mota daga can ya fi shigar da ita wuya.

Na fara irin roƙon da muka iya a gida. Na ce baƙo ne ni, baƙo kuwa ko da idonsa makaho ne. Na ce dubiya muka zo. Na ce ga ma dattijo a mota, ta dubi girmansa. Ta juya ta dubi motar, ta ce, "Wane dattijo?"

Ƙofar gaba a buɗe, kujera ba kowa. Wayarsa tana nan a kan kujerar, da hularsa ta sanyi. Shi babu.

Ban san lokacin da na fara zagaya motar ba, har ƙarƙashinta na leƙa. Mutum mai shekaru irin nasa, mai hawan jini, a garin da ko tsamiyarsa babu. 'Yar sandan ta tsallaka wurin wata mai tuyar fari masa, wani irin fanke nasu, suka yi magana. Ta dawo ta ce tsohon ya tare taksi tun muna duban kibiya, an ji yana cewa Gudel.

Daidai nan wayar Isuhu ta yi ƙara. Matata ce, ta karɓi lambar wurin maƙwabci. "Kun isa? Ba ni Baba." Na ce mata yana gaba, ni ina biye. Ban dai yi ƙarya ba.

Na ɗauka ganin halin da nake ciki zai sa 'yar sandan ta mayar mini da takarduna. Ta ce, "Tsoho daban, doka daban." Amma ta sa na gyara motar a inuwar wani bango inda idonta ke kai, ta ce ba wanda zai ja ta kafin la'asar. Ta tsayar da taksi da hannunta, ta yi wa direban magana, ta ce mini, "Kala suru." Mai goro ya ce, wai ka yi haƙuri.

Taksin Yamai ba naka ba ne kai kaɗai. Muka sauke wata mata da kwandon kifi, muka ɗauki wasu 'yan makaranta, muka zagaya inda ban sani ba, ni ina leƙen kowane farin gemu a bakin titi. Gudel kuwa ashe ba unguwa ce da za ka tsaya ka ƙwala kira ba. Lunguna ne da lambuna har bakin kogi, ko'ina mutane na ban-ruwan salak da kabeji. Na tambayi gidan Inna Hajo, ba wanda ya san ta. Na ce Bahausa ce daga Sakkwato, tsohuwa, ba ta gani. Wata mata da ke wanke karas ta ce, "A'a, Saini-nya!" Ashe sunanta ya ɓace tun da ta haifi ɗanta na fari, uwar Saini kawai ake ce mata. Matar ta nuna mini gidan.

Saini ya girme ni, ƙaƙƙarfan mutum mai lambu, Hausarsa ta kasuwa. Ya rungume ni ya dubi bayana. Daga cikin ɗaki wata siririyar murya ta ce, "Yaya ne? Yaya ya zo?"

Na ja Saini waje na gaya masa. Ya tambaye ni yaushe rabon tsohon da Gudel. Da na faɗa masa sai ya ce, "Na san inda yake." Gidansu na da a bakin ruwa yake. Wata shekara kogi ya cika ya cinye shi da na maƙwabta, suka hauro nan tudu. Ba wanda ya tuna ya gaya wa Sakkwato.

Muka gangara ta cikin lambuna. Can ƙarƙashin wani mangwaro, kusa da inda masunta ke ɗaure jirage, sai ga Baba Alhaji zaune a kan guntun katangar laka, takalmansa duk taɓo. Gabansa ba komai sai kunyoyin albasa. Ashe ya tambayi masuntan, ba su jin Hausa sosai, sun nuna masa ruwa sun ce shi ne ya tafi da gidan. Baba kuwa ya ɗauka har da mutanen.

Ya ɗago ya dube ni, ni kaina, ba bango ba. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Sanusi, ban gane garin ba. Na iske ba kowa."

Na durƙusa na ce, "Tana nan, Baba. Tana kiran ka. Ga ɗanta."

Saini ya so ya goya shi, ya ƙi. Ya dafa kafaɗata muka hau tudun a hankali.

Abin da ya faru a ɗakin ban ga farkonsa ba, don a bakin ƙofa na tsaya. Na dai ji ta ce ya matso, ta shafa fuskarsa da gemunsa, ta ce, "Wanga tsoho fa? Ina kunka kai mini yayana?" Ya ce, "Ke ma ai ba ki ga kanki ba." Suka yi dariya, dariyar ta koma kuka. Hausarta ta cakuɗe da Zabarmanci, rabin abin da take faɗa ba ya ganewa, shi ma kunnensa ba ya ɗaukar muryarta, amma ba su yi shiru ba. Ta tambaye shi mutanen da suka mutu tun ina yaro, yana ce mata suna gaishe ta.

Ni kuwa la'asar tana matsowa. Saini ya ɗauke ni a babur zuwa ofishin 'yan sandan. Aka nuna mana benci, na zauna cikin 'yan'uwana masu laifi. Na kusa da ni wata hajiya ce 'yar gari, ita ma layin juyawa ta shiga don ta tsallake cunkoso. Ta ce mini, "Kai ka ce ba ka sani ba. Ni na sani, sauri ne." Na tambaye ta ko babu wanda ake gani a yi magana. Ta ce akwai, ga shi can a taga, shi ne mai karɓar tara. Na je wata taga aka tura ni wata, na dawo ta farko aka ce ai nan ne. Aka tambaye ni sunan uwata, har yau ban san abin da ya haɗa ta da kibiya ba. Na biya, aka buga hatimi. Kafin a sallame mu wani jami'i ya tsayar da mu gaban allo ya zana mahaɗa da alli, ya yi ta bayani da Faransanci, ina gyaɗa kai tare da kowa.

Muka iske 'yar sandan tana shirin tashi. Kafin ta dubi takardar hannuna ta ce, "Ta ga tsoho?" Na ce na gan shi, yana wurin ƙanwarsa. Ta ce alhamdu lillahi, ta zaro lasina da takardar motar daga aljihu ta ba ni. Daga nan har Gudel Saini yana gaba a babur ina biye, duk inda na hango fenti a ƙasa sai in taka birki. A wata mahaɗar na sake samun kaina a layin dama, na juya ba tare da ina so ba, na yi ta zagaye har Saini ya biyo ni ya same ni a bakin wata makaranta.

Na yi kwana biyu a Gudel ina cin kifi da shinkafar Saga, wata unguwa ta bakin kogin, na kuma gyara musu wani firji da ya daɗe a mace. Da na ce za mu koma, Baba ya ce shi ba inda za shi. Na dawo ni kaɗai.

Inna Hajo ta ƙara makonni, yana gefenta kullum. Ranar da ta cika shi ya yi mata salla. Bayan addu'ar bakwai Saini ya rako shi gida a motar haya, mutane suka yi ta zuwa ta'aziyya a ƙofar gidansa. Ina can ƙarshen tabarma ina zuba wa baƙi ruwa, sai na ji liman yana tambayarsa yadda tafiyar ta kasance. Baba ya ce Allah ya nufa sun gana, kuma mijin 'yarsa ne sila, Allah ya yi masa albarka. Aka ce amin. Sannan ya ƙara da cewa, "Yaron kirki ne ƙwarai. Tuƙi ne dai bai iya ba. Tsakiyar gari ya kusa kashe mu, sai da na sauka na nemi taksi."

Duk aka juyo ana dubana. Na ajiye butar na ce, "Haka ne, Baba."